HASKEN DA IDO BA YA GANI: YADDA KUNDIN ALJIHU DA KWAMFUTA SUKA RIƘA KWATANTA LITTAFI BABU IGIYA

Duk wanda ya riƙe wayar hannu a Ikko ko Badun ko Fatakwal a farkon zuwan GSM, watau daga watan Agusta na 2001 zuwa 'yan shekarun da suka biyo baya, zai tuna wani ɗan baƙin gilashi da ke jikin wasu wayoyin, wanda bai fi ƙwayar wake girma ba. Ba kowace waya ke da shi ba. Nokia 3310 da ta cika gari ba ta da shi, amma 8210 da 6210 da 6610 duk suna da shi, kuma mai irin wannan waya yakan ɗan ɗaga kafaɗa idan ya zo majalisa. Sai ka ga samari biyu a Sabo ko Idi-Araba sun ajiye wayoyinsu a kan benci baki da baki, sun hana kowa motsi, wai ana tura lamba ko hoto. Idan wani ya zauna da ƙarfi har wayoyin suka kauce wa juna, aiki ya ɓaci, sai an sake daga farko.

Mutane da yawa sun ɗauki abin a kan wasan samari. Alhali kuwa ba don wasa aka ƙago wannan 'yar taga ba. Tana daga cikin hanyoyin da aka bi domin warware wata matsala da ta dami ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa a Amurka da Turai cikin shekarun 1990. Matsalar kuwa ita ce mutum yana da littafi biyu, ɗaya a aljihu, ɗaya a kwamfuta, yana rubutu a wannan da safe, ya yi gyara a wancan da yamma. To, yaya za a yi littattafan nan biyu su riƙa faɗin magana ɗaya?

KUNDIN ALJIHU

Kafin wayar hannu ta haɗiye kome, akwai wata 'yar na'ura da Turawa ke kira PDA a taƙaice, wadda ba laifi a kira ta kundin aljihu. Ba a kiran kowa da ita. Manyan ayyukanta huɗu ne: ajiye sunaye da adireshi da lambobin tarho, ajiye ranakun alkawari, jera ayyukan da ke jiran mutum, da kuma riƙe 'yan rubuce-rubuce. A taƙaice dai ita ce ɗan littafin nan da kowane ɗan kasuwa ke sakawa a aljihun gaba, sai dai ita da batir take aiki.

Kamfanin Apple ya fito da tasa mai suna Newton a 1993, amma ta yi tsada, ta yi nauyi, kuma ba ta iya karanta rubutun hannu daidai, har ta zama abin ba'a a jaridun Amurka. Wani injiniya mai suna Jeff Hawkins, wanda ya kafa kamfanin Palm a 1992, shi ma ya sa hannu a wata na'ura mai suna Zoomer wadda ba ta yi kasuwa ba. Daga wannan faɗuwa ya gane cewa kuskure ne a yi ƙoƙarin cusa kwamfuta sukutum cikin aljihu. A ganinsa abokin takarar na'urar shi ne takarda da alƙalami. Saboda haka ya sassaƙa wani guntun katako daidai aljihun riga, ya riƙa yawo da shi, idan an yi masa alkawari sai ya zaro shi ya yi kamar yana rubutawa, domin ya ga ko abin zai shiga jikin mutum.

A 1996 na'urar ta fito da sunan Pilot, ƙaramar cikinsu a kan dala 299. Cikin kimanin wata 18 an sayar da miliyan ɗaya. Daga baya wani kamfanin alƙaluma mai suna Pilot ya kai ƙara a kan sunan, shi ya sa aka koma kiranta Palm kawai. Ana rubutu a fuskarta da wani ɗan tsinke, da wasu haruffa na musamman da ake kira Graffiti, waɗanda dole mutum ya zauna ya koya.

Amma ba tsinken ne ya sayar da ita ba. Abin da ya sayar da ita shi ne wani ɗan mazauni da ake ɗora ta a kai, mai igiya zuwa bayan kwamfuta, da maɓalli guda ɗaya tak a gabansa. Idan mutum ya dawo daga yawo sai ya ɗora na'urar, ya danna maɓallin, ta yi 'yar ƙara, cikin ɗan lokaci duk abin da ya rubuta a waje ya shiga kwamfuta, duk abin da sakatare ya rubuta a kwamfuta ya shigo aljihu. Wannan aiki shi kamfanin ya sa wa suna HotSync.

Sai dai mazauni da igiyarsa kaya ne. Mai tafiya da kwamfutar cinya ya riga ya ɗauki caja da sauran tarkace, ga shi yanzu an ƙara masa wani. In ya manta da shi a gida, shi ke nan, littattafansa biyu sun rabu har sai ya dawo. A nan ne ɓoyayyen haske ya shigo.

TSOHON HASKE, SABON AIKI

Shi wannan haske, wanda Turawa ke kira infurared, ba sabon abu ba ne. Wani masanin taurari mai suna William Herschel, haifaffen Jamus mazaunin Ingila, shi ya gano shi a 1800. Ya raba hasken rana da wani gilashi mai kusurwa uku har launuka suka fito a jere kamar na bakan gizo, sa'an nan ya riƙa auna zafin kowane launi. Da ya ajiye ma'aunin zafin a gaba da ja, inda ido ba ya ganin kome, sai ya ga zafin ya ƙaru. Ashe akwai haske a wurin, idon ɗan Adam ne kawai bai kai gare shi ba.

Mai karatu yana da irinsa a ɗakinsa, domin da shi rimot ɗin talabijin ke aiki. Wanda ke son gani da idonsa sai ya kunna kyamarar wayarsa, ya nuna mata bakin rimot, ya danna kowane maɓalli. A yawancin wayoyi zai ga wani ɗan haske yana ƙiftawa.

Rimot magana kawai yake yi, ba ya jin amsa. Kwamfuta da kundin aljihu kuwa dole su yi hira, wannan ya faɗa wancan ya amsa, kuma dole su yi ta da harshe ɗaya ko da kamfani daban ne ya ƙera kowannensu. Saboda haka a 1993 kamfanoni kimanin 50 suka haɗu suka kafa wata ƙungiya da ake kira IrDA, kuma a 1994 ta fitar da ƙa'idojinta na farko. Ƙa'idojin sun ce tazara kada ta wuce mita ɗaya. Sun ce tagogin biyu su kalli juna, karkatar kada ta wuce digiri 15 ta kowane gefe. Sun kuma tsara cewa za a fara gaisawa a hankali, da saurin ɗigo 9,600 a daƙiƙa, kowace na'ura ta faɗi iyakar abin da za ta iya, sa'an nan su hau kan saurin da dukansu biyu za su jure, wanda a ƙa'idar farko iyakarsa ɗigo 115,200 ne a daƙiƙa. Daga baya an kai shi miliyan 4, amma kundayen aljihu na wancan lokaci yawancinsu ba su wuce na farkon ba.

Ɗigon da ake magana shi ne sifiri ko ɗaya, watau harafin kwamfuta mafi ƙanƙanta. Idan hasken ya ƙifta, sifiri ke nan. Idan bai ƙifta ba, ɗaya ke nan. Abin yana kama da mutum biyu a cikin duhu kowa da tocila, suna yi wa juna ishara. Wanda ya kunna tasa hasken kan kashe masa ido, ba ya ganin ta abokinsa, don haka ba su iya magana lokaci guda. Haka na'urorin suke: wannan ta yi magana, ta yi shiru, waccan ta karɓa, kuma an hana kowace ta riƙe magana fiye da rabin daƙiƙa ba ta ba 'yar'uwarta dama ba. Da a ce majalisun mutane ma suna da irin wannan doka, da an huta.

Wannan sauri a ma'aunin yau tafiyar hawainiya ce. Kowane harafi yakan ci ɗigo goma a hanya, watau in kome ya tafi daidai haruffa 11,000 da ɗoriya ne ke wucewa a daƙiƙa. Hoto guda irin wanda wayoyin yanzu ke ɗauka sai ya ci kusan minti biyar. Amma sunaye da lambobi ba su da nauyi. Sunan mutum dubu da adireshinsu ba za su kai minti ɗaya ba. Ga aikin da aka nufa, hawainiyar ta isa.

RANAR WANKA

A watan Maris na 1998 aka fito da Palm III, wadda ita ce ta farko a gidansu da ta zo da tagar hasken a goshinta. Da farko amfanin tagar shi ne tsakanin kundi da kundi. Mutum biyu suka haɗu a wurin taro, maimakon su miƙa wa juna kati, sai su nuna wa juna na'urorinsu, wannan ya danne maɓallin adireshi, katinsa ya faɗa cikin aljihun wancan. Yin HotSync da kwamfuta ta hanyar hasken sai da aka yi wa manhajar ƙari, kuma a 1999 ya shigo cikin tsarin Palm OS 3.3 a gine.

A takarda abin da sauƙi. A aikace kuwa masu kwamfutar cinya da yawa sun sha wuya kafin ya yi musu ko sau ɗaya. Kwamfutoci irin su ThinkPad na kamfanin IBM da na Toshiba suna zuwa da tagar, amma sau da yawa a kashe take tun daga can cikin saitin injin, inda ba kowa ke da ƙarfin halin shiga ba. Bayan an kunna ta, sai a shawo kan Windows. Manhajar HotSync ta saba jiran saƙo ne ta ƙofar igiya, waɗanda ake kira COM1 da COM2, ba ta san wani haske ba. Dabarar da aka yi a Windows 95 da 98 ita ce a ƙirƙiro ƙofar ƙarya, galibi COM4, wadda a ciki haske ne amma a fuska igiya ce. Sai mai kwamfuta ya nemo lambar wannan ƙofa ya gaya wa HotSync ta je can ta jira. In ya dawo gida yana son amfani da mazauni, dole ya tuna ya mayar da ita ƙofarta ta da, in ba haka ba ya yi ta danna maɓalli babu abin da zai motsa.

Da Windows 2000 ta fito sai aka tarar ba ta da wannan ƙofar ƙarya. Mutanen da suka riga suka saba suka wayi gari abin ya daina aiki, ba tare da sun taɓa kome ba, har sai da Palm ya gyara manhajarsa ta yadda za ta yi magana da hasken kai tsaye.

Bayan an gama da wannan duka, saura zama. Sai a nemi inda tagar take a jikin kwamfutar, domin wata a baya take, wata a gefe, wata a gaba. A ajiye kundin kusa da ita, tazarar 'yan yatsu, a kan abu mai faɗi. Idan tagar kwamfutar ta fi tsawo sai a tallafe kundin da littafi. Hasken rana idan ya faɗo kai tsaye yakan kashe wa na'urar ido, domin rana cike take da irin wannan haske, wasu fitilun lantarki ma suna kawo cikas. Ƙura ko maiƙon hannu a kan gilashin kan rage masa ƙarfi. Kofin shayi a tsakani kuwa ya isa ya tsinke hira. Idan katsewar ta ɗan lokaci ce na'urorin kan jira su ci gaba, idan ta daɗe sai su haƙura. Sa'an nan aikin yana shan batir fiye da na igiya, kuma yakan fi jinkiri.

Duk da haka, wanda ya iya ya huta. A ɗakin otal, ko a filin jirgin sama, ko a kujerar bayan mota da ke tsaye, ya buɗe kwamfuta, ya ajiye kundi a gefenta, ya taɓa alamar da tsinke, aiki ya gudana babu igiya ko ɗaya.

KWATANTA LITTAFI

Hasken dai hanya ce kurum. Ainihin gwanintar tana cikin abin da na'urorin biyu ke faɗa wa juna, kuma duk ɗan kasuwar da ya taɓa ajiye yaro a wani gari zai gane ta nan take.

A ce maigida yana Kano yana turo albasa ko shanu, yaronsa yana Mile 12 ko Agege yana sayarwa. Kowa da littafinsa na masu bashi. Bayan wata guda suka haɗu. Hanya ɗaya ita ce su bi littafin suna bayan suna tun daga shafin farko, wanda zai cinye musu yini. Hanya ta biyu ita ce tun farko su yi yarjejeniya cewa duk layin da mutum ya taɓa, ya sa masa alama a gefe. Ranar haɗuwa sai a duba masu alama kaɗai, a daidaita su, a goge alamomin.

Hanya ta biyun ita Palm ya ɗauka. Kowane suna, kowane alkawari, yana da lambarsa ta ɓoye wadda ba ta canzawa ko da an canza sunan. Kuma kowane yana da 'yar tuta da ke tashi da zarar an yi masa gyara, ko an ƙara shi, ko an share shi. Lokacin HotSync kwamfuta kan ce wa kundi, ba ni masu tuta kawai. Shi ya sa ko da mutum yana da sunaye dubbai, idan biyar ya taɓa tun jiya, biyar ɗin ne za su bi ta cikin hasken. Ba don haka ba da jinkirin hanyar ya kashe ta tun ranar farko. Abin lura kuma shi ne tsarin bai dogara da agogo ba. Ba ya tambayar wane gyara ne ya zo daga baya, domin agogon na'ura kan yi ƙarya, musamman ga matafiyi mai tsallaka ƙasashe.

To, idan aka taɓa layi ɗaya a wuri biyu fa? Maigida ya rubuta cewa wane ya biya rabi, yaro ya rubuta cewa ya biya duka. A nan na'urar ba ta yanke hukunci. Sai ta ajiye duka biyun a kowane littafi, ta bar wa mai abu ya zaɓa. Idan kuwa a gefe ɗaya an share sunan, a ɗaya gefen an yi masa gyara, to mai gyaran shi ke tsira, ba a sharewa. Waɗanda suka tsara wannan doka sun zaɓi su dami mutum da tagwayen sunaye a kan su ɓatar masa da guda ɗaya, kuma gaskiyarsu. Sunan da ya fito sau biyu ana gani a share. Wanda ya ɓace kuwa ba a sanin ya ɓace sai ranar da ake nemansa ido rufe.

Wata matsalar kuma takan taso ga mai kwamfuta biyu, ta ofis da ta tafiya, kuma masu amfani da hasken yawancinsu irin waɗannan ne. Idan ya daidaita da ta ofis, tutocin sun sauka. Gobe ya zo wurin ta tafiya, kundin ba shi da tuta ko ɗaya, alhali akwai gyare-gyaren da ita ba ta gani ba. Maganin da aka yi shi ne kundin yakan tuna kwamfutar da ya yi hira da ita ta ƙarshe. Idan ya ga wata ce daban, sai a bar gajeriyar hanya a koma doguwa, a bi kowane layi ɗaya bayan ɗaya ana gwada shi da kwafin da wannan kwamfutar ta ajiye. Ta igiya ma wannan yakan ɗauki lokaci, balle ta haske. A irin wannan rana ce mutum zai zauna yana gadin tebur kada wani ya motsa shi.

Akwai kuma ramin da ya ci mutane da dama. Ga kowane littafi, manhajar tana ba da zaɓi huɗu: a daidaita su, ko na kwamfuta ya danne na aljihu, ko na aljihu ya danne na kwamfuta, ko a bar su yadda suke. Wanda ya zaɓi danniya ta gefen da ba daidai ba, littafi maras kome sai ya shafe cikakke, kuma na'ura ba ta tambayar ko mutum yana cikin hayyacinsa. Haka nan idan miji da mata suka sa wa kundayensu suna ɗaya a kwamfuta ɗaya, sai a wayi gari sunayen abokansa da na ƙawayenta sun cakuɗe.

BATIR BIYU

Dalilin da ya sa masu kundin aljihu ba su wasa da wannan aiki shi ne na'urar ba ta da amana. Palm III da 'yan'uwanta na farko da ƙananan batura biyu suke aiki, irin na rimot. Suna daɗewa, makonni ma, amma duk abin da aka rubuta yana zaune ne a irin ƙwaƙwalwar da ke mantuwa da zarar wuta ta ɗauke. Idan za a canza batir, kimanin minti ɗaya ke gare ka ka zare tsofaffi ka saka sababbi. Wanda ya jefa ta a aljihun tebur ya yi doguwar tafiya har baturan suka mutu murus, zai dawo ya same ta fes kamar ranar da aka sayo ta.

Mai yin HotSync a kai a kai wannan bai dame shi ba. Ya sa sabon batir, ya haɗa ta da kwamfuta, ya zaɓi sunansa, kome ya dawo kamar yadda yake a ranar daidaitawa ta ƙarshe. Ko sace ta aka yi, ya sayi wata, kayansa su koma ciki. Asararsa kuɗin na'ura ne da abin da ya rubuta tun daga wannan rana. Wanda ya yi sakaci wata uku, asararsa ta wata uku ce.

KIƊA YA CANZA

Hasken bai daɗe yana sharafi ba. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya fara aiki a kan wata hanyar rediyo ta gajeren zango a 1994, a 1998 wasu manyan kamfanoni suka haɗu a kanta, aka sa mata suna Bluetooth, laƙabin wani tsohon sarkin Denmak. Ita ba ruwanta da kallon juna. Waya tana aljihu, kwamfuta tana kan tebur, suna hira. Akwai lokacin da wayoyi irin su Nokia 6600 ta 2003 ke zuwa da duka biyun, daga baya aka daina sa tagar a wayoyi da kwamfutoci gaba ɗaya. Wasu wayoyin yanzu suna da irinta a kai, amma ta kunna talabijin da na'urar sanyaya ɗaki ce, ba ta tura kome.

An samu sauƙi, amma an bar wani abu a baya. Hasken ba ya ratsa bango, ba ya ratsa aljihu, wanda bai zo ya tsaya a gabanka ba ba shi da hanyar taɓa na'urarka. A 2004 kuwa aka ga wata ƙwayar cuta mai suna Cabir tana tsallakawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth.

Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Kundin aljihun kansa wayar hannu ta cinye shi, musamman bayan fitowar iPhone a 2007 da wayoyin Android a 2008. Kamfanin HP ya sayi Palm a 2010 a kan dala biliyan 1.2, kuma a watan Agusta na 2011 ya daina ƙera na'urorin. A Nijeriya dama kundin aljihu bai taɓa zama abin kowa ba, domin amfaninsa sai da kwamfuta, ita kuwa a lokacin sai ofisoshi da gidajen masu hali. Yawancin jama'a daga littafin takarda suka yi tsalle zuwa waya.

Wannan tsalle ya bar giɓi. Mai kundin aljihu ya san littafinsa biyu ne, ya san inda na biyun yake, domin da hannunsa yake ajiye su gaba da gaba, yana jin ƙarar farawa da ta gamawa. Mai waya a yau ana yi masa daidaitawar ne a ɓoye, ta intanet, tsakanin wayarsa da asusunsa na Google ko na Apple. Idan tana gudana, ba ya gani. Idan ta tsaya, nan ma ba ya gani. Da yawa kuma ba su ne suka buɗe asusun ba, yaron shagon da suka sayi wayar ne ya buɗe musu a tsaye, ya sa kalmar sirrin da ta zo masa a baki, babu wanda ya rubuta ta. Wasu kuma har yanzu a kan sim suke ajiye lambobi, wanda galibi ba ya ɗaukar fiye da 250. Ranar da waya ta faɗa hannun ɓarawo a Oshodi, kamfanin layi zai dawo wa mutum da lambarsa a sabon sim, amma sabon sim ɗin babu sunan kowa a cikinsa. Ga baƙo mazaunin Kurmi wannan ba ƙaramar asara ba ce: lambar direban da ke ɗauko kaya, da ta dillali, da ta masu bashi, da ta wanda ake aika wa kuɗin cefanen gida ta hannunsa, duk a wuri ɗaya suke.

Wani abu guda daga wancan zamani yana nan da ransa, kuma yana da amfani ga mai son riƙe littafinsa na biyu a hannu. Katin da masu Palm ke jefa wa juna ta haske yana da tsarin rubutu mai suna vCard, wanda kamfanonin Apple da AT&T da IBM da Siemens suka haɗu suka tsara a tsakiyar shekarun 1990. Ƙa'idar miƙa shi da IrDA ta shimfiɗa, mai suna OBEX, ita Bluetooth ya ara ya ci gaba da aiki da ita. Har yau idan mutum ya shiga wurin sunaye a wayar Android ya nemi a fitar masa da su duka, fayil guda zai samu mai ƙarewa da haruffan vcf, watau dai wannan tsohon katin ne aka jera ɗaya bayan ɗaya. Ana iya ajiye shi a katin memori, ko a kwamfuta, ko a tura shi wayar wani amintacce a gida, kuma kusan kowace waya ta zamani tana iya buɗe shi ta zuba sunayen a cikinta. Idan babu hotuna a jikin sunayen, fayil ɗin mutum dubu bai kai nauyin hoto guda ba.